Amsar tambaya akan saƙa da leda, waya da marafan kwalba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki kashi biyu ce, kince kinga hoton wani ƙaton abu kamar zani yana sheƙi an rataye shi a wani gidan baje kolin fasaha a Landan, da kika bincika sai aka ce miki da marafan kwalba aka yi shi, shine kike tambaya wai wannan shima saƙa ce ko dai kwashe-kwashen bola ne Turawa suka ɗaura masa suna, sannan ke kina kwarashi kuma kinaso ki gwada da ledar fiya wata amma kina tsoron ɓata lokacinki akan abinda bazai yi ƙarko ba. Toh zan amsa miki gwargwadon sanina, dan harkar zare da masaƙa ita nake koyarwa kuma ita nake yi da hannuna.

Da farko dai mai wannan aikin ba Bature bane. Yadda kika kwatanta shi aikin El Anatsui ne, mutumin Ghana, an haife shi a 1944 a garin Anyako dake yankin Volta, ya zo Najeriya a 1975 ya kama koyarwa a jami'ar Nsukka kuma ya shafe sama da shekara 30 yana koyarwa a can. Asalinsa mai sassaƙa ne, katako da yumɓu yake aiki dasu, sai wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhu cike da marafan kwalaben giya an jefar, ya kai ɗakin aikinsa ya ajiye ya daɗe yana kallonsu kafin ya gane me zai yi dasu. Irin marfin nan ne na alminiyam mai murɗawa, mai laushi, wanda almakashi yake yankawa. Ana yanke shi a buɗe shi a buga shi ya miƙe, a huda gefe-gefensa, sannan a ɗaure kowane guda da na kusa dashi da siririyar jar waya. Kinga duk inda aka ɗaure ya zama gaɓa mai motsi, shi yasa in an haɗa dubbai sai abin ya riƙa lanƙwasa yana naɗewa kamar tufa alhali ƙarfe ne. Kuma ba ɓangare ɗaya na marfin yake amfani dashi ba, saman mai zagaye daban, jikin da aka miƙar daban, har siririn zoben nan da yake saura a wuyan kwalba yana murɗe shi ya haɗa ya zama kamar raga ana ganin haske ta ciki. Mataimaka masu yawa ne suke zaune suna haɗa ƙananan falle, shi kuma sai a shimfiɗa masa a ƙasa ya riƙa jan wannan nan ya mayar da wancan can har sai tsarin launin ya kwanta masa. A 2007 ya lulluɓe gaban wani tsohon gini mai suna Palazzo Fortuny a birnin Venice na Italiya da irin wannan aiki, a 2015 aka bashi lambar yabo mafi girma ta baje kolin Venice saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa, a 2023 kuma ya cika babban zauren Tate Modern a Landan, ina kyautata zaton hoton nan kika gani.

Shin saƙa ce? In zamu bi ƙa'idar sana'a, a'a. Saƙar masaƙa dole sai da zare biyu, na tsaye wanda aka yi waɗari aka ɗaure shi tam, da na kwance wanda ƙoshiya take ɗauke dashi tana ratsawa sama da ƙasa. Aikin Anatsui babu wannan, haɗi ne, yafi kusa da ɗinki, kuma shi da kansa yafi so a ɗauke shi a matsayin mai sassaƙa ba masaƙi ba. Amma duk wanda ya tashi gidan masaƙa in ya kalli aikin zai gane tunanin saƙa ne a ciki, mahaifinsa ma masaƙin kente ne, wato yadin gargajiya na Ghana. Ai haka masaƙanmu maza suke, a saƙa siririyar ƙwarya mai tsawo, a yanka, a jera, a ɗinke gefe da gefe har ta zama zani ko riga, babban abu daga ƙananan da aka maimaita. Dan haka ni in ɗalibai sun tambaye ni nakan ce musu kar ku tsaya jayayya akan suna, ku duba ta yaya abin ya riƙe kansa, dan nan ne ilimin yake.

Batun cewa na giya ne kuma, nasan zai tsaya miki a rai. Shi yana da dalilinsa, giya tana cikin manyan hajojin da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna musanya da bayi, dan haka marfin yana ɗauke da wannan tarihin. Ke babu abinda ya haɗa ki da wannan kayan kuma babu wanda yace sai shi, zan dawo kan haka.

Yanzu abinda nafi so ki riƙe, wannan saƙa da abinda ba auduga ba ko kaɗan ba baƙon abu bane a wajenmu, mantawa kawai muka yi. Ki ɗauki alharini, jan silikin nan mai ɗaukar ido da ake saƙa yadin nan mai suna barage dashi. Ragowar siliki ne, tarkacen da ya rage a masana'antun siliki na ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, a rina shi, fatake su ɗauko shi ta Tarabulus su ratso Sahara har Kano a ƙarni na 19, mata su kaɗa shi masaƙa su saƙa, ya zama tufar sarakuna da attajirai. Abinda wasu suka share daga ƙasan masana'anta shine ya zama abin taƙama anan saboda hannun da ya sarrafa shi ya iya. Ga tsamiya kuma, wadda gidan wata tsutsa ce da ake tsinta a jikin bishiya, a dafa shi da ruwan toka har danƙon ya fita sannan a kaɗa, da ita ake yin aikin babbar riga mai tsada. Masaƙan Asante na Ghana tun ƙarni na 18 suke sayen yadin siliki na waje su warware shi zare-zare su sake saƙa shi cikin nasu tsarin. Masaƙan aso oke na ƙasar Yarbawa sun rungumi zaren nan mai ƙyalli na roba har ya zama kamar dashi aka fara. Kuma ki leƙa ƙauye yau, faifan da ake naɗe shi da zaren buhu mai launi, igiyar ɗaure akuya da aka tufka da warwararren buhun siminti, gadon igiya, duk wannan shine abinda ake rubuta littattafai akansa in an rataye shi a bangon Turai, mu kuma muna taka shi muna wucewa.

Su can ma ba jiya suka fara ba. Anni Albers, Bajamushiya da ta koyi saƙa a makarantar fasaha ta Bauhaus a Jamus, wajen 1929 ta saƙa yadin rufe bangon wani zauren taro inda ta sa selofen, wata irin leda mai sheƙi, a gaba dan ya mayar da haske, ta sa zare mai laushi a baya dan ya shanye ƙara, kinga ba dan burgewa ta sa ledar ba, aiki take mata. A shekarun 1960 Magdalena Abakanowicz ta ƙasar Poland ta riƙa samo tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa ta warware su ta wanke ta rina ta saƙa manya-manyan abubuwa masu kauri da ake ratayewa daga rufi a tsakiyar ɗaki mutum ya zagaya su, har ta ci babbar kyauta a baje kolin Sao Paulo a 1965. Ita ce cikin waɗanda suka ciro saƙa daga jikin bango.

Amma wanda nafi so ki nemi hotunan aikinsa ki zauna ki kalla sosai shine Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, an haife shi a 1987. Shi buhun algarara yake aiki dashi. Ana saƙa buhunan a Indiya da Bangaladash, a kawo su Ghana dan zuba koko, in sun gama wannan aikin sai su faɗa hannun 'yan kasuwa a zuba masara, a zuba shinkafa, ƙarshe su ƙare wajen masu gawayi, sun yi baƙi, sun yage an yi musu faci, ga sunayen masu kaya da alamominsu an rubuta a jiki. Sai ya karɓi waɗannan tsofaffin, sau da yawa ya bada sababbi a madadinsu, ya tara mutane su ɗinke su ya lulluɓe gini sukutum dasu, a Venice a 2015 bangayen wani dogon lungu ya lulluɓe dasu. In ya sayo sabon buhu fes ya ɗinka babu abinda zai faɗa, dattin da facin da rubutun sune maganar, suna gaya miki hannu nawa kaya suke bi da kuma wanda yake ɗaukarsu a ka. A 2024 kuma ya lulluɓe wani ɓangare na ginin Barbican a Landan da yadi saƙar hannu mai faɗin kusan murabba'in mita 2000, wanda aka shimfiɗa aka ɗinke a filin ƙwallon Tamale, ya ɗora tsofaffin rigunan batakari, wato rigunan gargajiya na arewacin Ghana, da ya karɓo daga hannun iyalai a kai. Akwai Abdoulaye Konaté na Mali da yake yanka shadda siri-siri ya jera ta launi bayan launi ya cika bango, akwai Serge Attukwei Clottey a Accra da yake yanka jarkoki masu ruwan ɗorawa, irin na ɗiban ruwa lokacin ƙarancin ruwa, ya haɗa su da waya, akwai Ifeoma Anyaeji 'yar Najeriya da take naɗe leda da irin dabarar kitson zare da ake yiwa 'yan mata.

Kinga abinda ya haɗa su duka, babu wanda ya ɗauki kaya dan kawai ace masa ya kawo sabon abu. Kowa kayan da ya zaɓa na garinsa ne, yasan daga ina ya fito, yasan wa ya taɓa shi, kuma hannunsa ya iya haɗi. Wallahi abin yana damuna in naga ɗalibi ya kwaso marafan kwalba yana kwaikwayon Anatsui guda-guda, aikin ya fito kamar hoton hoto, alhali a bakin ƙofarsa akwai kayan da babu wanda ya taɓa. Ƙyallayen da teloli suke sharewa kullum, ragowar yadin Kantin Kwari, buhun algarara irin wanda aka gina dalar gyaɗa dashi a Kano, tsohon gidan sauro, tsohuwar tabarmar roba ta makarantar allo, zaren kaset da ya mutu. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, yau kusan duk masaƙun sun rufe kuma atamfar da muke ɗaurawa mafi yawa daga waje take zuwa, wannan kaɗai labari ne da yake jiran wanda zai faɗe shi da zare, kuma wanda ya tashi a ciki ne zai iya.

Toh mu zo kan ledarki. Eh ana saƙa da ita kuma tana yi, a Ibadan akwai Adejoke Lasisi da take saƙa ledar fiya wata akan masaƙar aso oke tana yin jakunkuna da takalma, a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso ma akwai ƙungiyar mata da suka daɗe suna saƙa baƙar leda. Amma akwai abubuwan da in baki sansu ba zaki sha wahala a banza. Ki fara da wanki, ki farka kowace leda ta gefen da aka liƙe ki wanke ta da omo ciki da waje, ki shanya a inuwa har ta bushe ƙarau, dan in ɗigon ruwa ya saura a ciki kika murɗe ta zata yi baƙi-baƙi tayi wari. Sannan ki yanke bakin sama da na ƙasa ta zama kamar zobe mai faɗi, sai ki sa almakashi ki riƙa yankawa kina zagayawa a karkace ba tare da kin tsinke ba, zata baki zare ɗaya dogo, faɗin kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi. In kin yanka gajere-gajere ƙulli zai yi miki yawa kuma ƙullin leda zamewa yake. Rubutun shuɗin dake jikinta kar ki ɗauke shi matsala, in an saƙa shi yake fitowa ɗigo-ɗigo kamar saƙi, in kuma kika ware ledojin kamfani-kamfani zaki ga shuɗin ma ba iri ɗaya bane, har kore da ja zaki samu ki yi ratsi dasu.

Babban kuskuren masu farawa shine su sa leda a matsayin zaren tsaye. Leda in kin ja ta miƙewa take kuma bata komawa, shi kuwa zaren waɗari dole ya jure ja daga farkon aiki har ƙarshe, in ya saki sai saƙar ta yi ciki a tsakiya ta karkace. Dan haka na tsaye ki sa zaren auduga mai ƙwari ko na nailan irin na masu ɗinkin takalmi, ledar ta zama abawa. Ba sai kin sayi masaƙa ba, kafinta ya haɗa miki firam na katako kamar faɗin kujera, a jera ƙananan ƙusoshi sama da ƙasa tazarar rabin santimita zuwa santimita 1, ki ɗaura zarenki, ki riƙa ratsa ledar da yatsa ko da ɗan faffaɗan itace. Duk layin da kika ratsa kar ki ja shi ya miƙe, ki barshi ya ɗan yi baka a tsakiya sannan ki danna shi ƙasa da matsefi ko cokali mai yatsu, in ba haka ba gefe biyun zasu riƙa tsukewa aikin ya fara da faɗi ya ƙare da ƙunci. In kinaso ya yi ƙwari kamar na jaka ki murɗe ledar tukuna, da mazari ma ana yi kamar kaɗin auduga, in kinaso ya yi sheƙi da laushi ki barta a shimfiɗe. Da kwarashin da kika iya ma zaki iya farawa yau ɗin nan, sai dai ki ɗauki babba kuma ki sassauta hannu dan leda tana kama ƙarfe, amma ina roƙonki ki koyi ta firam ɗin ma, ita ce zata buɗe miki ido.

Maganar ƙarko, rana ce babbar abokiyar gabar leda. Ruwa baya mata komai, gara bata cinta, amma hasken rana yana karya ta a hankali har ta dafe ta riƙa farfashewa. Zaren buhun shinkafa da na siminti yafi saurin lalacewa, ai kin taɓa ganin buhun da aka bari a tsakar gida wata da watanni, kina taɓa shi ya zama gari. A cikin ɗaki inda rana bata dukansa kuwa zai yi shekaru. Kafin ki zuba ƙarfinki a babban aiki ki saƙa ƙanana biyu iri ɗaya, ɗaya ki jefa kan rufi ɗaya ki ajiye a durowa, bayan wata biyu ki haɗa su ki ja ki lanƙwasa ki gani da idonki, kowane sabon kaya haka zaki riƙa masa. Robar tayar mashin tana bushewa ta tsattsage, takardar jarida tana yin ja ta karye, marfin kwalbar lemo irin mai haƙora ƙarfe ne yana tsatsa kuma tsatsar tana bin zare ta ɓata shi, ba irin na Anatsui bane, in ƙyallin ƙarfe kike so gwangwanin lemo na alminiyam yafi, amma ki naɗe bakinsa dan yana yanka hannu. Jar waya bata tsatsa irin ta baƙin ƙarfe amma in kin cika lanƙwasa ta wuri ɗaya tana taurarewa ta karye, ki murɗa sau biyu ko uku ki barta.

Dan Allah kar ki ƙona bakin leda da wuta a cikin ɗaki dan ki liƙe ƙarshen zare, hayaƙin ba abin shaƙa bane, ki cusa ƙarshen cikin saƙar ko ki ɗinke shi. Buhun taki da duk wani abu da aka zuba maganin ƙwari ko na feshi a ciki ki barshi ko kyauta aka baki, wanki baya tabbatar miki ya fita. Kuma kar kiyi kayan sawa da zai manne da fata, leda bata shan gumi, da zafin garinmu azaba ce, ki tsaya kan jaka, kwando, shimfiɗar ƙafa, da na rataye a bango.

Akwai wata magana da ake yawan yi wai irin wannan aiki shi zai kawar da ledar da ta toshe mana kwatoci, ni ban yarda ba kuma bana so ki gina aikinki akanta. Abinda gari ɗaya yake sha ya jefar a wuni guda yafi abinda masaƙa ɗari zasu saƙa a wata, wannan aikin hukuma ne da masana'antun narka roba da 'yan jari bola waɗanda dama su suke ɗauke da nauyin. Abinda saƙarki zata iya shine ta samo miki kuɗi in kin bi ta hanyar sana'a, ko ta sa mutum ya tsaya ya kalli abinda yake takawa kullum in kin bi ta hanyar fasaha, kuma hanyoyin biyu ba ɗaya bane. Mai jaka tana buƙatar ɗinki mai kyau da zif mai ƙwari da farashin da kasuwa zata ɗauka da iya maimaita abu ɗaya sau hamsin ba tare da ya canza ba. Mai aikin bango tana buƙatar haƙuri da girman aiki da sanin abinda take faɗa, kuma kasuwarsa a hankali take, yawanci ta Legas da Abuja da Dakar take bi, akwai Art X Lagos da aka fara a 2016 da baje kolin Dak'Art na Senegal, in karatu kike so kuma sashen Industrial Design na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna koyar da fannin yadi. Babu laifi ki riƙe biyun, jakar ta ciyar da na bangon.

Ko wacce kika zaɓa ki samu tsohon masaƙi ko tsohuwa mai kaɗi ki zauna kusa dasu ko na 'yan makonni ne, wajen Minjibir da Kura har yanzu ba'a rasa waɗanda suka san aikin ba, ki kalli yadda ake waɗari da yadda ake gane zare ya ɗauru daidai ta hanyar taɓa shi kawai, wannan ba'a koyonsa a waya. Sannan duk abinda kika gama ki ɗauke shi hoto a hasken safe, ki rubuta tsawonsa da faɗinsa da kayan da kika sa da shekarar da kika yi, dan duk inda zaki nuna aiki abinda za'a fara tambayarki kenan. In kin saƙa na gwajin farko ki turo min hoton gaba da na baya da na gefe, ta bayan da gefen zan gane inda hannunki yake ja da yawa in gaya miki gyaran da zaki yi.